Mieszko, sunan da ke kan takardar kuɗin Poland amma har gobe ana gardamar ma'anarsa

Idan ka taɓa riƙe takardar zloti 10 ta ƙasar Poland, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a takardun kuɗinsu, zaka ga hoton wani basarake an rubuta Mieszko I a kusa da shi. Ana karanta sunan kamar Myeshko ne, don a rubutunsu s da z in suka haɗu to sh ɗinmu ce. Tun 1995 yake kan wannan takarda, kafin nan ma shine a kan ta 2000 ta tsohon kuɗinsu, kuma babu ɗan firamaren da zaka tare a Warsaw ko Poznań ka tambaye shi waye Mieszko ya tsaya inda-inda. Amma ka ce a nuna maka dattijo ɗaya mai wannan suna a unguwa, nan fa za a fara kallon-kallo, don suna ne da kowa ya sani amma aka yi ɗaruruwan shekaru kusan ba a sa wa yara, sai yanzu-yanzun nan ne ya fara leƙowa a bakin iyaye matasa. Abin da ya fi jan hankalina ma ba ƙarancinsa bane, ma'anarsa ce, domin abin da akasarin mutane ke faɗa a kai har da wasu 'yan ƙasar, zato ne na wani malami da ya rayu kusan shekara 500 bayan mai sunan ya mutu.

Shi dai Mieszko na farko an haife shi wajajen 930, ya rasu 25 ga Mayu 992, ɗan gidan sarautar Piast ne, kuma shine sarkin Poland na farko da tarihi ya tabbatar da shi a rubuce, waɗanda suka gabace shi a labarin baka aka same su. A 965 ya auri Dobrawa 'yar sarkin Bohemiya, wato ƙasar Cek ta yau, a 966 ya bar addinin gargajiya aka yi masa baftisma ya shiga Kiristanci, kuma daga wannan shekara ce mutanen Poland suke ƙirga haihuwar ƙasarsu. Shekara 2 bayan haka aka naɗa bishop na farko mai suna Jordan a Poznań, a 972 mutanensa suka ci rundunar wani hakimin Jamus a Cedynia. Ɗansa Bolesław ne ya fara sa kambin sarki a 1025. Iya abin da ake buƙata kenan game da mutumin, sunan ne abin magana.

Matsalar farko ita ce babu inda shi ko wani ɗan ƙasarsa na lokacin ya rubuta sunan da yarensu, lokacin ba a fara rubuta yaren ba ma. Duk abin da ake da shi baƙi ne suka ji da kunne suka rubuta da haruffansu. Widukind, wani malamin coci Bajamushe da ya yi zamani da shi, ya rubuta Misaca. Thietmar na Merseburg da ya zo bayansa kaɗan ya rubuta Miseco. Marubutan cikin gida da suka zo daga baya da Latin suka yi aiki, wani ya sa Mescho wani ya sa Meska. Kaga kenan tun daga tushe wasalin tsakiya ma ba a daidaita ba, i ne ko e ne, ƙarshen a ne ko o ne.

Shaidar da ni ta fi burge ni kuwa da Larabci take. Wajen 965 wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim ibn Yaƙub mutumin garin Turtusha, wanda akasarin masana suke ganin Bayahude ne da ke ƙarƙashin daular Ƙurɗuba, ya zaga tsakiyar Turai, ya gana da sarki Otto na Jamus, ya je Prag, ya tattara labarin ƙasashen da Larabawa ke kira Saƙaliba, wato na Silabawa, jinsin mutanen tsakiya da gabashin Turai da 'yan Poland ke cikinsu. A cikin sarakunansu ya ambaci wani da ya kira sarkin arewa, ya rubuta sunansa da mim da shin da ƙaf da ha, wanda duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba tare da wasali ba zaka iya karanta shi Mashƙa ko Mishƙa ko Meshƙa. Ya ce ƙasarsa ce mafi faɗi a ƙasashensu, ga abinci ga nama ga zuma ga gonaki, yana da mayaƙa masu sulke 3000 waɗanda shi yake ba su sutura da dawaki da makamai, kuma in aka haifa wa ɗayansu ɗa, namiji ne ko mace, daga ranar za a yanka wa jaririn albashi, in ya girma sarki ya yi masa aure ya biya sadaki. Asalin rubutun Ibrahim ya ɓace, abin da ya tsira ya tsira ne saboda wasu sun kwafa, babbansu shine al-Bakri a littafinsa na hanyoyi da masarautu da ya kammala wajen 1068. Toh wannan al-Bakrin dai shine wanda masu nazarin tarihin Afirka ta Yamma suke dogara da shi wajen labarin daular Gana ta da da sarkinta Tunka Manin da birnin Kaukau wato Gao. Littafi ɗaya, a wani babi yana ba da labarin zinaren Gana a wani babin yana ba da labarin mayaƙan Mieszko. Kuma ba abin mamaki bane Larabawa su san da shi, don har yau ana tono dirhamai na azurfa masu rubutun Larabci da aka buga a Samarƙand da kewaye a ƙasar Poland, tarin da aka binne tun wancan ƙarni.

Daga waɗannan rubuce-rubuce masana harshe da dama suka fahimci cewa asalin sunan da a yake ƙarewa, wato Mieszka, daga baya ya koma Mieszko. Wannan ba ƙaramin abu bane a wurinsu, saboda a yaren Poland na yau kusan duk sunan mace da a yake ƙarewa, Anna, Maria, Zofia, Katarzyna, na maza masu ƙarewa da a 'yan kaɗan ne irin su Barnaba da Kosma da Kuba. Da sunan ya tsaya a yadda yake tun asali da yau kunnen ɗan Poland zai ji shi kamar na mace.

Sai batun ma'ana, kuma nan ne labari ya yi daɗi. Wajen 1115 wani baƙon malami da ba a san sunansa ba, wanda ake kira Gall Anonim, ya rubuta tarihin gidan Piast a fadar wani daga zuriyar Mieszko. Ya ce an haifi Mieszko makaho, ya shekara 7 baya gani. Su a al'adarsu ta kafin Kiristanci in yaro namiji ya kai 7 akan tara mutane a yi biki a yi masa askin farko, su kan kira bikin postrzyżyny, daga ranar ya fita daga hannun uwa ya koma hannun uba, kuma a nan ake tabbatar masa da suna. Mu a kwana 7 wanzami ke zuwa ya yi aski a raɗa suna, su a shekara 7, amma haɗa aski da suna ɗin iri ɗaya ne. Wai ana tsakiyar wannan biki, ubansa Siemomysł yana zaune cikin baƙin ciki mutane na ta shagali, sai aka zo aka ce masa yaro ya fara gani. Ya tara dattawa ya tambaye su fassarar abin, suka ce ƙasar ce take a makance kuma ta hannun yaron nan za ta samu haske. Shi malamin coci ne yake rubutu sama da shekara 120 bayan mutuwar mutumin, ba sai an faɗa maka hasken da yake nufi ba, baftismar 966 ce. Shi bai fassara sunan ba. Wanda ya fassara shine Wincenty Kadłubek, bishop ɗin Kraków da ya rasu 1223, ya ce ma'anar sunan ruɗani ko tashin hankali, wai saboda hankalin iyayen ya tashi da aka haifa masu makaho. Inda ya samo wannan a bayyane yake, akwai kalmar mieszać a yarensu wadda take nufin gauraya abu ko dagula shi, sautin ya yi kama sai ya haɗa. Irin wannan fassarar ta kamannin sauti kowace al'umma tana yinta, mu ma muna da labaran yadda garuruwa suka samo suna waɗanda in ka duba da kyau sunan ne ya riga labarin zuwa.

Fassarar da ta fi kowace yaɗuwa ta Jan Długosz ce, babban marubucin tarihinsu da ya rasu 1480. Don a gane abin da ya yi sai an san yadda tsofaffin sunayen Silabawa suke. Akasarin sunayen manya gaɓa biyu ake haɗawa kowace da ma'anarta, kamar addu'a ce ake wa yaro. Sław ɗaukaka ce ko shahara, mir zaman lafiya, Bolesław mai ƙarin ɗaukaka, Władysław mai mulki da ɗaukaka, Wojciech wanda yake jin daɗin yaƙi ko mai faranta ran mayaƙa. Sannan a gida akan gajarta su, Stanisław ya koma Staszek, Bolesław ya koma Bolek ko Bolko. Shi Długosz da ya dubi Mieszko sai ya ga ai wannan kama yake da gajartaccen suna na gida, ba zai yiwu uban ƙasa guda ya zama iyakar sunansa kenan ba, dole akwai cikakke, sai ya maida shi ga sunan da ya zama Mieczysław, wanda mutane ke ji a matsayin miecz wato takobi haɗe da sław, mai ɗaukaka ta hanyar takobi. Sunan ya dace da jarumin sarki, ya yi daɗin faɗa, aka karɓa hannu biyu, har a littattafan ƙarni na 19 da yawa zaka ga an rubuta Mieczysław na farko a maimakon Mieszko. Amma babu rubutu ko ɗaya na zamaninsa ko na 'ya'yansa da jikokinsa da ya kira shi haka, Bajamushe bai rubuta ba, Ba'andalushe bai rubuta ba, marubutan fadarsu ba su rubuta ba, alhali sunan ɗansa Bolesław a cike suke kawo shi. Shi ya sa masana na yanzu suka ajiye wannan fassara gefe. Gaskiya abin yana damuna duk lokacin da na ga an jera sunayen jarirai an rubuta Mieszko ma'anarsa ɗaukakar takobi kamar magana ce yankakkiya, don iyaye suna ɗauka da gaske, su faɗa wa yaro shi ma ya girma yana faɗa wa wasu.

Akwai masu cewa sunan dabba ne. Wannan ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi da Larabawa ke kira dubbu, mu muke cewa beya, Silabawan da suna tsoronta har ba sa kiran sunanta na asali don kar ta ji ta zo, kamar yadda a wurinmu da dare wasu ba sa cewa maciji sai igiyar ƙasa ko abin ƙasa. Sunan da suke kiranta da shi yau, niedźwiedź, asalinsa mai cin zuma yake nufi, sakaya ce. Akwai kuma wani sunan lallashi da suke mata, miś ko misiek, wanda har yanzu shi yara ke kiran 'yar tsanarta da shi. Masu wannan ra'ayi suka ce Mieszka daga nan yake, kuma rubutun Misaca da Miseco masu i suna ɗan mara masu baya. In haka ne to suna ne na ƙarfi da kwarjini, irin yadda ake wa sarki kirari da zaki ko giwa ko toron giwa a ƙasar Hausa.

Ra'ayi na uku ya koma kan makantar. Akwai tsohuwar saiwar kalma a harsunan Silabawa da ta shafi runtse ido ko lumshe shi, wasu masana harshe suka ce daga ita aka samu Mieżka, wato mai rufaffen ido, daga baya furucin ya sauya. Abin da ya sa wannan ya fi kama hankalina shine yana iya bayyana inda labarin Gall ya fito, ta fuska biyu ma. Ko dai da gaske yaron ya yi ciwon ido yana ƙarami aka laƙaba masa sunan ya bi shi har gadon sarauta, ko kuma sunan ne kawai yake da wannan ma'ana, mutanen baya da suka ji shi suka gina masa labarin makanta, malamin coci ya zo ya ɗora masa fassarar addini. Kuma sa wa ɗan sarki suna mai kama da aibu ba baƙon abu bane a duniya, iyayen da suke tsoron baki ko suka sha mutuwar 'ya'ya sukan sa wa yaro sunan da zai sa a raina shi don ya rayu, duk Bahaushen da ya san dalilin sunaye irin Ajuji da Bawa da Ayashe ya san wannan tunani. Ni dai a nan na fi karkata, amma masu maganar dabbar ma ba a ture hujjarsu ba, har yanzu maganar a buɗe take tsakanin masana.

Kamar duk wannan bai isa ba sai ga wata takarda ta ƙara dagula lissafi. Wajen 991, dab da rasuwarsa, Mieszko da matarsa ta biyu Oda suka sa ƙasarsu ƙarƙashin kariyar Fafaroma. Asalin takardar babu ita, abin da ya rage taƙaitawa ce da aka kwafa a Roma kusan shekara 100 bayan haka, kuma a ciki ba a kira shi Mieszko ba, an rubuta Dagome iudex, wato alƙali Dagome. Wanda ya kwafa ɗin ma bai san ko su waye ba, har ya rubuta a gefe cewa yana jin mutanen tsibirin Sardiniya ne tunda su ne alƙalai ke mulka. Wasu suka ce Dagome sunan baftisma ne, Dagobert. Wasu suka ce kuskuren mai kwafa ne, ego Mesco wato ni Mieszko aka haɗe aka ɓata. A farkon ƙarni na 20 kuma wasu masana tarihi na Jamus suka ce ai wannan Dago ne ko Dagr, sunan mutanen Sikandinabiya, saboda haka wanda ya kafa Poland baƙo ne daga arewa, kuma zamanin Nazi an yi amfani da wannan magana don a nuna wai Silabawa ba sa iya kafa ƙasa da kansu. Kaga inda gardamar haruffa shida ta kai, daga teburin malamai zuwa farfagandar masu mamaya, kuma hakan na cikin dalilin da ya sa 'yan Poland ba sa ɗaukar maganar sunan nan da wasa. Abin lura, a cikin takardar dai an ambaci 'ya'yansa biyu, ɗaya Misica ɗaya Lambertus, wato sunan yana nan a gidan ya riga ya wuce ga ɗa.

Daga nan sunan ya zama kusan kayan gidan sarauta. Jikansa Mieszko na biyu, wanda aka haɗa masa da sunan Kirista Lambert, ya yi sarauta daga 1025 ya rasu 1034 bayan mulki mai cike da wahala. Mieszko na uku da ake wa laƙabi da Tsoho ya rasu 1202, shine wanda aka buga wasu kuɗaɗensa da haruffan Ibrananci saboda Yahudawa ne ke riƙe masa gidan buga kuɗi, kaga sunan ya shiga rubutun Latin da na Larabci da na Ibrananci kenan tun kafin a rubuta shi da yaren masu shi. A yankin Silesiya an yi wasu da dama, akwai mai laƙabin Harɗaɗɗun Ƙafafu da ya rasu 1211, akwai mai laƙabin Mai Ƙiba, akwai na Cieszyn. Zuwa tsakiyar ƙarni na 14 sai sunan ya ɗauke ko a gidan nasu, duk da reshen gidan na Silesiya ya kai har 1675. Talaka dama ba ya sa wa ɗansa, don haka da fada ta saki babu wanda ya riƙe.

Abin da ya ƙarasa rufe ƙofar coci ce. Sannu a hankali sunayen waliyyan Kirista irin Jan da Piotr da Andrzej da Mikołaj suka mamaye, bayan babban taron cocin Katolika da aka yi a garin Trent daga 1545 zuwa 1563 kuma aka ƙara matsa wa limamai su ga cewa sunan waliyyi aka sa wa yaro wurin baftisma. Tsofaffin sunayen da suka tsira sosai sune waɗanda Allah ya sa wani mai sunan ya shiga jerin waliyyai, Wojciech da aka kashe 997, Stanisław bishop ɗin Kraków da aka kashe 1079, Kazimierz ɗan sarki da ya rasu 1484. Shi kuwa Mieszko da ya kawo addinin ƙasar gaba ɗaya coci ba ta taɓa ayyana shi waliyyi ba, alhali takwarorinsa da suka yi irin aikinsa, Istifanus na Hangari da Vladimir na Kiev, an ba su wannan matsayi. Wannan canji ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba, sunan yanka ya koma na Musulunci, su Tanko da Gambo da Cindo suka koma laƙabi, sunayen sarakunan farko irin Bagauda da Gijimasu kuwa suka tsaya a littafin tarihi da allon makarantu da tituna. Bagauda ma in aka bi lissafin tarihin Kano a 999 ya hau, shekara 7 kacal bayan rasuwar Mieszko.

Dawowar tsofaffin sunaye ta faro ne lokacin da ƙasar ta ɓace daga taswira. Rasha da Furusiya da Ostiriya suka raba ta sau uku, 1772 da 1793 da 1795, ba ta dawo ba sai 1918, kuma a wannan tsakani sa wa yaro sunan kakanni ya zama wata hanya ta cewa muna nan. Aka shiga buga kalandu masu sunayen Silabawa, aka tono na da, aka ƙirƙiro sababbi. Sai dai wanda ya ci ribar wannan farkawa Mieczysław ne ba Mieszko ba, tunda lokacin kowa ya yarda shine cikakken sunan. Ya yi tashe sosai a rabin farko na ƙarni na 20, firaministan gwamnatin kwaminis na 1988 zuwa 1989 ma Mieczysław Rakowski ne sunansa, a gida kuma akan ce Mietek. Yau in ka ji Mietek to kaka ne ko tsohon maƙwabci.

A 1966 da aka cika shekara 1000 sunan Mieszko ya cika ko'ina, don gwamnatin kwaminis ta Gomułka da cocin da Kadinal Wyszyński ke jagoranta kowa ya ja bikin gefensa, coci tana bikin shekara dubu da baftisma gwamnati tana bikin shekara dubu da kafa ƙasa, har aka hana Fafaroma Paul na shida shigowa taron coci na garin Częstochowa, gwamnati kuma ta gina makarantu sama da 1000 don tunawa. Mutum ɗaya ne duka ɓangarorin ke nunawa da yatsa. Tituna da makarantu da unguwanni suka ɗauki sunan, akwai ma kamfanin alewa da cakulan a Racibórz mai suna Mieszko, amma a ɗakin haihuwa shiru, ɗaiɗaiku ne suka sa. Ina ganin nauyin sunan ne ya yi yawa, kamar ka ɗauki sunan da ke kan kuɗi da allon titi ka ɗora wa jariri, ga kuma tsokanar 'yan makaranta, tunda kalmar mieszek a yarensu 'yar jakar kuɗi ce ko zugazugi, mieszkać kuma zama a gida.

Abin ya sauya ne a 'yan shekarun nan da iyaye matasa suka juya wa sunayen zamaninsu baya suka koma na kakanni da na tarihi. Gwamnati tana fitar da jerin sunayen da aka sa wa jarirai daga rajistar PESEL, wato lambar ɗan ƙasa, kuma a jerin maza Antoni ya daɗe yana kan gaba kafin Nikodem ya karɓe a 2023, ga su Jan da Aleksander da Franciszek da Leon a sahun farko. Mieszko baya cikin goman farko, kuma in aka haɗa duk masu rai ba a ma fara kwatanta shi da Piotr ko Krzysztof ba waɗanda kowannensu ya haura mutum rabin miliyan, amma ya fita daga sunan da za a ji a juyo, akasarin masu shi yanzu yara ne da samari. Abin da yake da shi wanda iyayen yanzu ke so a fili yake, gajere ne, gaɓa biyu, na gida ne tsantsa ba aro ba, ba shi da haruffan nan masu ƙugiya da ɗigo da ke wahalar da mutum wurin cike takardu a waje, mai addini zai ce ga wanda ya kawo baftisma, wanda ba ruwansa da coci zai ce ga sunan da ya girmi coci a ƙasar. Wahalarsa ɗaya sz ɗin nan, ga dubban ɗaruruwan 'yan Poland da ke zaune a Ingila da Jamus da Ailan, malamin aji zai yi ta tuntuɓe a kai.

Ta fuskar doka ma akwai ɗan abin dubawa. A Poland ana rajistar jariri cikin kwana 21, ba a yarda a sa fiye da suna biyu ba, ba a yarda da suna na ba'a ko na rashin kunya ba, kuma ba a yarda da sunan da yake a sigar gajartawa ta gida ba, jami'in rajista yana da ikon ƙi. Dokar da ta fara aiki 1 ga Maris 2015 ta sassauta wasu abubuwa, ta buɗe ƙofa ga sunayen ƙasashen waje, amma ta bar wannan sharaɗi na gajartawa. Da maganar Długosz ce gaskiya da Mieszko ya faɗa cikin irin su Mietek da Staszek da ake cewa a je a kawo cikakken, amma ana rajistarsa a matsayin suna mai zaman kansa ba tare da wata matsala ba. A magana kuma sunan yana sauya ƙarshe kamar kowane suna a yarensu, littafin Mieszko sai a ce Mieszka, an ba Mieszko sai a ce Mieszkowi, tare da shi Mieszkiem, a kansa Mieszku, wato tsohuwar sigar nan mai a tana nan tana fitowa kullum a bakin uwa in tana neman ɗanta.

Su kuma suna da wata al'ada da suke kira imieniny, ranar suna, kowace rana a kalanda da sunayen da aka ware mata, kuma a wurin tsofaffi da yawa ta fi ranar haihuwa muhimmanci, a kawo fure a yanka kek a zo gaisuwa, a wurin aiki ma mai sunan ne ke kawo wa abokai alewa. Ranar Mieszko 1 ga Janairu ce, kuma a kalandun rana ɗaya suke da Mieczysław, an jera su kusa da juna kamar yadda Długosz ya haɗa su tun ƙarni na 15, don haka a gidan da aka samu kaka Mietek da jika Mieszko kek ɗaya ake yanka masu ranar sabuwar shekara.